Maiwada, Direban da Ke Shiga Gari da Ƙafa

Har watan jiya, wanda ya kwana a Morai ba ya bukatar zakara. Ana sallame sallar asuba zai ji ƙarar bokiti a ƙofar gidan Baba Maiwada, sai tarin nan nasa na tsohon mai cin goro, sannan ruwa ya fara sauka a jikin motar asibiti. Daga rufi yake farawa, ya gangaro gilasai, ya bi tayoyi. Lambar motar ce ƙarshen abin da hannunsa ke taɓawa. Yakan durƙusa gabanta ya goge ta da tsumma daban, ya daɗe yana kallonta, sannan ya dafa gwiwa ya miƙe. Koko ma a tsaye yake shan sa, kafin ya tafi ya ji inda aka ce akwai mara lafiya.

Ba zan yi muku ƙarya in ce mutum ne mai sauƙin zama ba. Ba a cin abinci a motarsa, ba a tofar da yawu ta taga, kuma in ka ce masa ya ƙara gudu sai ya tambaye ka ko kai ka sayi tayar. Amma abin da ya fi ba mutane dariya shi ne yadda yake shiga ƙauye. Duk gaggawar da aka kira shi da ita, ba ya kutsawa da mota. A bakin gari yake tsayawa, ya kashe inji, ya sauko, ya taka da ƙafarsa yana ɗaga murya: "Salamu alaikum. Maiwada na. Ku hito, Maiwada na." Sai ya ji an amsa, ko da tsohuwa guda ce daga bayan danga, sannan ya koma ya shigo da motar. Daga Damaga har ƙauyukan Bakura haka aka san shi. Matasan direbobi suna kwaikwayonsa a tasha, su ce tsoho yana tsoron kada kaji su kai ƙararsa.

Ni abin bai taɓa ba ni dariya ba. Sunana Nafisatu Barau, daga Tsibiri, ina koyarwa a Bakura. Na san ranar da wannan ɗabi'a ta samo asali, domin ranar aka haife ni.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, makon da Baba Maiwada ya miƙa makulli na ji ana ta bayani a rediyo kan ƙa'idojin lambar mota ta musamman da ake ba manyan gwamnati: wa ya cancanta, wa bai kai ba, guda nawa za a ba kowa, yaushe za a mayar. Aka yi ta jayayya, kowa yana kare matsayinsa. Na saurara har ƙarshe ko wani zai tambayi yadda lambar take a idon mutumin da ke tsaye gefen hanya. Babu wanda ya tambaya, kuma raina ya ɓaci.

A shekarun da ake aikin madatsar Bakolori, ana yanka ƙasa ana shata hanyoyin ruwa, Maiwada matashi ne, direban wani babban jami'i da aka turo daga Sakkwato. Ba zan faɗi sunan jami'in ba. Ya riga mu gidan gaskiya, kuma ba shari'arsa na zo yi ba. Motarsa Landiroba ce mai koriyar lamba irin ta manya, kuma ranar da aka ba Maiwada makulli aka gaya masa dokokinta. Lamba ta kujera ce ba ta mutum ba, ranar da mai kujerar ya sauka ranar za a kwance ta. Ba a ba da aronta, ko ga matar gida. Wadda ta shafi direba kuwa ita ce, duk lokacin da mai kujerar ba ya cikin mota, sai a rufe lambar gaba da baya da wata rigar fata da aka ɗinka mata. Direban da ya bar ta buɗe alhali shi kaɗai ne ya yi sojan gona, hukuncinsa a raba shi da motar.

Mutanenmu ba su iya karanta abin da aka rubuta a lambar ba, amma rigar nan sun iya karanta ta fiye da masu ofis. In aka hango motar aka ce ta sa riga, to Maiwada ne shi kaɗai. Sai a fito, wannan ya ba shi saƙon magani, waccan ta ce ya taho mata da gishiri daga kasuwar Mafara, a cusa masa tsoho mai ciwon ido a baya. Yana faɗa yana ɗauka. In kuwa aka ce mota ta tuɓe, maigidan yana ciki, bayansa kuma masu awo ne da sarƙarsu da turakunsu. Duk gonar da aka kafa wa turke, mai ita ya san ya gama shuka a cikinta.

Sai mutane suka ƙulla wata dabara tasu. Sun lura jami'in ba ya fara komai sai ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama an amsa. Suka ɗauka amsa sallamar nan ita ce yarda: ka amsa, ka karɓi baƙo, ka kuma karɓi abin da ya zo da shi. Ƙin amsawa kuma bai halatta ga wanda ya ji ba, kowane ɗan makarantar allo ya san wannan. To, mafita ita ce kada ka ji. Da an ce mota ta tuɓe sai gari ya watse, a gangara kwazazzabon da ke wajen gulbi, inda murya ba ta kaiwa, a zauna har baƙi su gaji su tafi. Wannan bai taɓa hana a auna gona ko guda ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ranar da nake ba ku labari, bazara ce, a shekarar da rigimar gonaki ta yi tsanani har aka tare hanyoyi. Abin da ya faru a ƙasar nan lokacin manya sun sani, wasu har yau ba sa son a tayar da maganar. Mahaifiyata Husaina ta kwana biyu tana naƙuda. Inna Baturiya, ungozomar garinmu wadda daga baya ita ta raine ni, ta yi iyakar abin da ta sani, ta fito ta ce wa mahaifina Barau abin ya fi ƙarfinta. Barau da Maiwada abokai ne tun suna kamun kifi tare a gulbi. Ya roƙi wani mai sayar da kifi da ke bin hanyar daji da keke ya kai saƙo Mafara.

Saƙo ya iske Maiwada da hantsi. Maigidansa yana Sakkwato wajen taro, an bar motar a hannunsa. Bai nemi izinin kowa ba, ya tashi. Tun daga nesa ya hango shinge, ya ga ana juyar da kowa, har da wata a-kori-kura da ta ɗauko mara lafiya. Ya tsaya a inda ba a ganin sa, ya sauka, ya zare rigar gaba da ta baya, ya jefa su ƙarƙashin kujera, ya ja labulen baya. Yana isowa masu tsaro suka ƙame, suka sara wa kujerar da babu kowa a kanta, aka ɗaga masa itace. Ya san abin da ya yi, ya kuma san farashinsa. Abin da bai tuna ba, hankalinsa yana kan matar da ke kwance, shi ne ya tsaya ya mayar wa lambar rigarta kafin ya iso Tsibiri.

Wata mata a bakin rijiya ta hango koriyar lamba tana ƙyalli, ta saki guga ta sheƙo gari. Inna Baturiya ta sha ba ni labarin abin da ya biyo baya, kuma ba ta taɓa canza ko kalma ba.

"Nac ce mai, Barau, ko da maigidan na, ka tsaya mu roƙe shi shi kai ta asibiti. Yac ce, Inna, gonar hwadama ita kaɗai tar rage muna, in na amsa sallama mi ɗiyan ga za shi ci? Yac cire ƙyauren ɗaki, anka ɗora ta bisa, munka gangara."

Wanda ya aika a kira mota, shi ya ɗauki matarsa ya gudu daga motar.

Maiwada ya shigo ya iske gari ba kowa, tukunya a kan murhu, awaki suna cin tsakin da aka shanya. Ya bi gida gida yana sallama. Ya koma mota ya danna oda, ya yi ta dannawa, su kuma a kwazazzabo suna jin odar suna ƙara nausawa ciki. Ya zaga gonaki, ya dawo, ya sake zagawa. Sai da rana ta wuce tsaka, ƙafafunsa suka gaza, ya zauna a gaban mota ya jingina, bayansa ya taɓa ƙarfe mai zafi. Ya juya ya ga lamba a buɗe.

Ya mayar mata da riga, ya hau da motar kan tudu, ya juya fuskarta wajen gulbi yadda za a gani, ya tsaya a gefenta. Bayan la'asar aka fara fitowa ɗaya ɗaya. Barau ya iso riƙe da gefen ƙyaure, ya dubi abokinsa, ya dubi lambar. Aka sa mahaifiyata a baya tare da Inna Baturiya da Barau. Kafin shinge Maiwada ya sake zare rigar, domin babu wata hanya. Wannan karon masu tsaro sun leƙa sun ga mace cikin jini a kujerar manya. Sun bar shi ya wuce, amma sun kai rahoto.

An haife ni a Mafara da magariba. Mahaifiyata ba ta kai isha'i ba. Wata ma'aikaciya, ba da mugun nufi ba, ta ce da an kawo ta da wuri da wataƙila an yi wani abu. A gaban Barau da Maiwada ta faɗa, kuma kowannensu ya ɗauki maganar ya tafi da ita gida a matsayin tasa.

Da maigidan ya dawo ya kira shi. An ce ba mugun mutum ba ne, har ya buɗe masa ƙofar kuɓuta.

"Maiwada, ka tabbata ba ni na ce ka je ba? Ka tuna da kyau."

"Ranka shi daɗe, ba ka ce ba. Kuma ba ka ciki."

"Ka san doka."

"Na san ta. Ga makulli."

Ba a kore shi ba, an mayar da shi tsohuwar motar asibiti da kowa ke gudu, mai lamba irin ta kowa. Abokan aikinsa sun yi gaba, wasu sun tuƙa kwamishinoni, wasu sun je Makka a kujerar iyayen gidansu. Shi a nan ya tsufa, tsakanin Mafara da Maradun da Bakura, an canza motar sau da yawa ba a canza matsayinsa ba. Daga ranar farko da ya fita da ita ya fara tsayawa a bakin gari.

Malama Rukayya, ma'aikaciyar jinya da ta daɗe tana fita tare da shi, ta ce min da farko abin yana ƙona mata rai. Wata rana an kira su wajen mutumin da maciji ya sara, ta ce masa wannan tafiyar ƙafa ɓata lokaci ce. Bai ko juyo ba ya ce, "Malama, na san abin da gaggawa ka ci." Ta ce sai daga baya ta lura, duk ƙauyen da suka je da wani direba sai sun yi ta neman mai nuna musu gida, mata suna leƙe ta danga, ana cewa mara lafiyar ya ji sauƙi. In Maiwada ne, kafin ya koma ya tada mota an fito da shi ƙofar gida.

Yari, wani dattijo a Damaga, shekarar amai da gudawa yake tunawa. Ya ce mutane sun ji ana cewa duk wanda aka ɗauka a motar gwamnati ba ya dawowa, suka riƙa ɓoye marasa lafiya a rumbu da bayan gida. "Motoci sunka zo sunka koma wayam," in ji shi. "Sai ga shi da ƙahwa, yana kiran sunanai. Matata tac ce, wanga dai ba shi ɗaukar mutum shi yar. Munka hito da ɗiyanmu biyu. Guda ya dawo." Ya ce wanda bai dawo ba ma Maiwada ne ya kawo gawarsa, ya tsaya aka yi sutura da shi.

Kai ne wannan, Baba. Na Morai, mai shiga gari da ƙafa. Kai ne ka gane cewa mutanen nan ba wawaye ba ne, tsoro aka koya musu, kuma mota ce ta koya musu shi. Ba ka iya gyara doka ba, ba ka iya mayar wa kowa gonarsa ba. Abin da ke hannunka shi ne ka sauko ka nuna fuskarka, shi ka yi har gwiwoyinka suka ƙare.

Gida ɗaya ne a ƙasar nan ba a taɓa amsa maka ba, kuma gidanmu ne. Tun ina yarinya na lura, da an ji inji ya tsaya a bakin Tsibiri sai mahaifina ya ɗauki fartanya ya fita ta ƙofar baya, ko da rani ne ba abin nomewa. Dabarar nan dai ta dā: kada ya ji, balle amsa ta zama dole. Na girma ina ɗauka fushi yake da kai. Mutanen gari ma haka suka ɗauka, kai ma haka ka ɗauka. Duk sallah kakan aiko min da atamfa ta hannun Inna Baturiya, ba ka taɓa tako zaurenmu ba.

Sai bayan na yi aure na samu ƙarfin tambayarsa. Yana gyaran igiyar akuya, bai ɗago ba.

"Hushi? Da wa? Mutum ya yar da aikinai sabadda ni. Ni na kira shi, ni na gudu. Da wane baki za ni amsa mai?"

Na ce to ya gaya maka haka. Ya ce wata rana. Gonar fadamar da ya gudu dominta, kafin damina ta zagayo an kafa mata turke, babu wanda ya ko yi masa sallama.

Wata ranar ba ta zo ba. Kwanaki kaɗan kafin ka ajiye aiki, mahaifina ya faɗi a masallaci, ɓarin jikinsa ya mutu, harshensa ya karye, aka ɗauko shi gida. Ni na kira mota, ban san wa za a turo ba. Ina zaune a kansa na ji inji ya mutu a bakin gari. Na ji muryarka tana tahowa, ta tsufa, tana hutawa a tsakani. Na ga idon mahaifina ya juya wajen ƙofar baya, amma ƙafar da za ta kai shi babu. Ka tsaya a bakin zaure ka ce, "Salamu alaikum. Barau, Maiwada na." Bakinsa ya yi ta motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, hawaye ya gangaro ta gefen da ke da rai. Sauti bai fito ba. Ni kuma kuka nake, ban amsa ba. Ka jira, ka jira, sannan wata maƙwabciya ta amsa daga waje, ka koma ka kawo mota. Kai ka tallabe kansa har aka sa shi a ciki. A asibiti ya cika, bai sake magana ba.

Bayan sadakar bakwai na je Morai. Na iske ka a kan tabarma, bokitin yana kife a gefe, inda motar ke kwana babu komai sai tabon mai a ƙasa. Muka gaisa, ka tambayi gida da maigida da yara da haƙuri, na tambayi jiki da iyali. Na gaya maka abin da mahaifina ya faɗa yana gyaran igiya. Sai ka ce:

"Nahisatu, ni nam mance rigar. Da na tsaya na maida ta, da uwarki ta ga girmanki."

Na ce da ba ka zare ta ba, da ni ma ban ga rana ba. Ka girgiza kai kawai. Na san ban sauke maka kayan ba, kuma wataƙila babu mai iya sauke maka su a duniyar nan. Abin ya yi min ciwo, har yanzu yana yi.

Ga masu lambobin musamman, ban ce ku ajiye su ba, doka ta ba ku. Amma ku sani akwai ƙauyukan da har yau in an hango lambarku ana kiran yara a shigar da su gida. Ku riƙa tsayawa a bakin gari. Ku sauko, ku faɗi sunanku, ku jira a amsa. Ku kuma matasan direbobi da ke kwaikwayonsa a tasha, ku ci gaba da kwaikwayon, amma ku kai shi har ƙauye.

Baba Maiwada, mun gode. Damaga ta gode, Tsibiri ta gode, duk wanda aka fito da shi daga rumbu saboda an ji muryarka ya gode. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa da ta zuciya, ya jiƙan Husaina da Barau. Saura abu guda da gidanmu ya riƙe maka tun ranar da aka haife ni. Na san ya makara, kuma ba daga bakin da ka so ji ba ne, amma yanzu ni ce babba a gidan Barau, kuma mun ji ka.

Wa alaikumus salamu, Baba. Shigo.